Shafi ɗaya, ƙofofi da yawa: yadda za ka riƙa wallafa rubutu daga waya, kwamfuta da imel

Tambaya ɗaya ce take ta dawo mini da fuskoki daban-daban. Wani ya ce laftof ɗinsa ya mutu, sati uku ke nan bai saka komai a shafinsa ba. Wata ta ce a waya take rubutu, ta tura wa ƙanenta ta WhatsApp, shi kuma sai ya dawo daga makaranta ya kunna kwamfuta ya ɗora mata, labarin safe ya fita da magariba. Wasu kuma su huɗu ne a shafi ɗaya, dukansu da kalmar sirri guda. Abin da suke nema duka bai wuce wannan ba: yaya mutum zai saka rubutu a shafinsa daga duk na'urar da ke hannunsa, a duk inda yake?

Zan yi bayani ne kan Blogger da WordPress, domin su ne akasarin masu tambayar suke amfani da su. Sunayen maɓallai zan kawo su yadda suke a allo da Turanci. 'Yan'uwa na Nijar da Kamaru da Chadi waɗanda wayoyinsu ke kan Faransanci za su ga sunan ya bambanta, amma wurin ɗaya ne. Abin da za ka tanada kaɗan ne: wayarka da cikakken caji, imel ɗin da kake iya shiga, data daidai gwargwado, biro da takarda, da kamar awa biyu da ba mai damunka. Duk matakan da ke ƙasa kyauta ne, in ban da wurare biyu da zan nuna. Roƙona ɗaya: ka bi su a jere. Mutane da yawa suna tsallakawa zuwa mataki na biyar saboda shi ne mai daɗi, daga baya su dawo suna neman yadda za su goge abin da bai kamata ya fita ba.

1. San irin shafin da kake da shi

Iri uku ne, kuma hanyar kowanne daban. Idan adireshinka ya ƙare da blogspot.com, ko da asusun Google kake shiga a blogger.com, to Blogger ne. Idan a wordpress.com kake shiga, to kamfanin ne ke riƙe maka shafin. Idan kuwa kana biyan wani kamfani kuɗin masauki, wato kuɗin ajiye maka shafin a intanet, duk shekara, kana shiga ta adireshinka da wp-admin a ƙarshe, to WordPress mai zaman kansa ne. Wannan na ukun shi ya fi ba da 'yanci, shi kuma ya fi buƙatar kula. Idan wani ne ya gina maka shafin, ka tambaye shi yau, kuma ka tabbatar asusun mai cikakken iko yana hannunka, da imel ɗinka.

A nan ne kuma za ka yanke hukuncin da sauran aikin ya rataya a kansa: shafin shi ne gida. Rubutu yana iya shigowa ta waya, ta imel, ta kwamfutar aro, amma a nan yake sauka tukuna, daga nan ya fita zuwa Facebook da Telegram da WhatsApp. Wanda ya juya tsarin, ya mai da Facebook gida, shafin kuma wurin jibge kwafi, bayan wata shida ba zai iya gaya maka wane kwafi ne aka gyara wane ne ba a gyara ba.

2. Gyara makulli kafin ka ƙara ƙofa

Kowace na'ura da za ka haɗa sabuwar ƙofa ce ga ɓarawo, don haka da makulli ake farawa. Canza kalmar sirri zuwa doguwa wadda ba ka amfani da ita a ko'ina. Lambar waya, shekarar haihuwa da sunan ɗa duk ba kalmar sirri ba ne. Maƙwabcinka ma ya san su.

Sannan ka kunna tabbaci mai mataki biyu. Mai Blogger zai yi wannan a asusunsa na Google, ƙarƙashin Security. Mai wordpress.com zai shiga bayanan asusunsa, shi ma ƙarƙashin Security. Mai WordPress mai zaman kansa sai ya ɗora ƙaramar manhajar da ake kira fulogin, kamar mai suna Two Factor. A Google da wordpress.com za a ba ka zaɓi tsakanin saƙon tes da manhajar fitar da lambobi irin Google Authenticator. Shawarata ka ɗauki manhajar. Tes ya dogara da layi da sabis, kuma duk wanda ya ga yadda aka rufe layukan da ba a haɗa da lambar NIN ba a Najeriya ya san layi abu ne da kan iya tafiya dare ɗaya. Manhajar kuwa tana ba da lamba ko babu sabis sam.

Gargaɗi: kafin ka rufe wannan shafin, ka nemi lambobin ko-ta-kwana. Google na ba da guda 10, wordpress.com ma 10, kowace ana amfani da ita sau ɗaya. Ka kwafe su da biro a takarda, ka ajiye inda kake ajiye takardun makaranta ko na fili. Kada ka ɗauki hotonsu ka bari a wayar. Ranar da za ka buƙace su ita ce ranar da wayar ba ta hannunka.

3. Agogo da haruffa

Ƙananan gyare-gyare ne biyu, amma idan ka bar su, kowace ƙofa za ta gaji matsalarsu.

Na farko agogon shafi. Sabon WordPress yakan zo a kan lokacin UTC, wato awa ɗaya baya da Kano da Yamai, Blogger kuwa sau da yawa za ka tarar da shi a kan lokacin yammacin Amurka, tazarar awa takwas ko tara. Ka tsara rubutu ya fita ƙarfe bakwai na safe, ya fita da la'asar. A WordPress ka je Settings, General, Timezone; a Blogger ka je Settings, Formatting, Time zone. Ka zaɓi birni: Lagos ko Niamey ga masu Najeriya da Nijar, Accra ga masu Ghana, Khartoum ga masu Sudan.

Na biyu haruffa masu lanƙwasa: ƙ, ɗ, ɓ. Idan a kwamfuta kana rubuta ƙasa, a waya kana rubuta kasa, a imel kana rubuta k'asa, mai karatu da ya nemi kalmar a akwatin bincike ba zai samu duka rubuce-rubucenka ba, ga shi kuma kasa da ƙasa ba abu ɗaya ba ne. A waya ka saka Hausa a cikin harsunan Gboard, haruffan suna fitowa idan ka danne k, d ko b. Windows ma yana da allon rubutu na Hausa a cikin saitin harsuna. Ka saka a duk na'urorin a rana guda.

Gargaɗi: harafi mai lanƙwasa a kanun rubutu daidai ne, amma a cikin mahaɗin rubutun matsala ne, domin idan aka kwafe shi zuwa WhatsApp yakan rikiɗe ya zama jerin alamomin kaso da lambobi. Kafin ka wallafa, ka buɗe wurin gyara mahaɗi, wanda WordPress ke kira Slug, Blogger kuma Permalink, ka rubuta gajeren suna da haruffa marasa lanƙwasa.

4. Manhaja a waya

Mai wordpress.com ya sauke manhajar Jetpack. Tun 2023 kamfanin ya kwashe ƙididdigar masu karatu da sanarwa daga tsohuwar manhajar WordPress ya mai da su can. Mai WordPress mai zaman kansa yana iya amfani da kowacce daga cikin biyun. Idan rubutu da hoto kawai kake so, manhajar WordPress ta isa. Mai Blogger a Android ya sauke manhajar Blogger, ya duba ya ga Google ne ya fitar da ita. Mai iPhone kuwa ya buɗe blogger.com a burauza ya liƙa shi a fuskar waya, kada ya miƙa asusunsa na Google ga wata manhajar da bai san mai ita ba.

Idan shafinka mai zaman kansa ne, kuma manhajar ta ƙi shiga alhali kalmar sirri daidai ce, kada ka yi ta maimaitawa har a kulle ka. Mafi yawan lokaci kamfanin masauki ko wani fulogin na tsaro ne ya toshe hanyar da manhajoji ke bi su yi magana da shafin. Ka rubuta wa kamfanin ka tambaye su ko sun rufe XML-RPC ko REST API. Sun san abin da kake nufi. Haka nan tun fitowar WordPress 5.6 a ƙarshen 2020 akwai abin da ake kira Application Passwords a ƙasan shafin bayananka: kalmar sirri ta musamman ga kowace na'ura. Ka ƙirƙiri ɗaya ka sa mata suna "wayata", wata "laftof". Amfaninta shi ne ranar da na'ura ɗaya ta ɓace, tata kaɗai za ka soke.

Kana shiga, kafin ka rubuta komai, ka je saitin manhajar ka kunna rage nauyin hoto. Hoton da waya ke ɗauka yakan kai megabait uku zuwa biyar, alhali faɗin digo 1200 zuwa 1600 ya wadatar a shafi. Datarka ce, datar mai karatunka ce, kuma tsarin kyauta na wordpress.com gigabait ɗaya kacal yake ba da wurin ajiya. A wurin dai akwai maɓallin cire bayanin wuri daga hoto. Ka kunna shi, musamman idan a gida kake ɗaukar hotuna. 'Yan'uwa mata masu tallan girki ko ɗinki, wannan naku ne kafin na kowa.

Yanzu gwaji. Kashe data, rubuta layi biyu, ajiye a matsayin daftari, kunna data, ka jira manhajar ta nuna ta ɗora. Buɗe shafin a burauza ka duba ko daftarin ya iso. Idan bai iso ba, a wayar kaɗai yake zaune.

Gargaɗi: daftarin da bai hau ba yana tafiya da manhajar. Kada ka goge manhajar, kada ka fita daga asusun, kada ka ba mai gyara ya wanke wayar, sai ka ga rubutun da idonka a burauza.

5. Wallafawa ta imel

Wannan ita ce ƙofar da na fi ƙauna, kuma ita ce mutane suka fi jahilta. Shafin zai ba ka wani adireshin imel na sirri. Duk saƙon da ya shiga adireshin ya zama rubutu: abin da ka sa a gurbin batu ya zama kanu, jikin saƙon ya zama rubutun, hoton da ka maƙala ya shiga ciki. Ba ka buƙatar manhaja, ba ka buƙatar shiga shafin. Kuma inda sabis ke zuwa yana ɗaukewa, imel ya fi komai haƙuri: ka danna aikawa a ƙauye, saƙon ya zauna a akwatin jiran fita, motarku na hawa babban titi ya tafi da kansa.

A Blogger: Settings, gangara zuwa Email, danna Post using email. Zaɓi uku ne: a kashe, a wallafa nan take, ko a ajiye a matsayin daftari. Ka ɗauki na ukun. Sai ka zaɓi kalmar ɓoye. Adireshin zai zama sunanka, ɗigo, kalmar, sannan @blogger.com. Tun da sunan a fili yake, kalmar ita kaɗai ce katangar, don haka kada ta zama "labarai" ko sunan garinku. A ƙarshen kowane saƙo ka rubuta #end, duk abin da ya biyo baya ba zai fito ba.

A wordpress.com, da kuma WordPress mai zaman kansa da aka ɗora wa fulogin Jetpack: ka nemi Post by Email a sashen Writing na saituna, ka kunna, za a ƙirƙira maka adireshi mai ƙarewa da @post.wordpress.com. WordPress mai zaman kansa yana da wata tsohuwar hanyar ta daban da ke neman ka buɗe akwatin imel na musamman ka saka bayanan sabar, wato babbar kwamfutar da ke riƙe da akwatin. Wahalarta ta fi amfaninta, ka bar ta.

WordPress yana karɓar umarni a cikin jikin saƙon. Kowane umarni ana rubuta shi ne a tsakanin alamomin [ da ], a layinsa shi kaɗai. Waɗanda za ka fi buƙata su ne: status draft, don rubutun ya tsaya a daftari, category sannan sunan rukuni, tags sannan kalmomi da waƙafi a tsakaninsu, slug sannan gajeren sunan mahaɗi, delay +2 hours, don ya fita bayan awa biyu, da end, wanda ake sawa a ƙarshe bayan an bar layi ɗaya babu komai. Rukunin ka ƙirƙire shi a shafin tun kafin ka kira sunansa a imel. Idan ka maƙala hotuna fiye da ɗaya, za a jera su wuri guda a matsayin taskar hotuna.

Gargaɗi mafi girma a duk wannan jagorar: WordPress ba ya tambaya. Idan ka manta umarnin status draft, saƙon na isa zai fita duniya. Ni na ɗanɗana wannan. Na aika rahoto daga hanya, ban sa umarnin daftari ba, ban sa na ƙarshe ba, sa-hannun da ke ƙasan imel ɗina ya fita tare da lambar wayata, ya kwana a shafin kafin na samu sabis na gani. Watanni na yi ina amsa kiran mutanen da ban sani ba. Tun daga ranar na ajiye wani saƙo a cikin wayata mai ɗauke da umarnin farko da na ƙarshe, shi nake kwafowa in rubuta a tsakiyarsu. Kai ma ka yi haka tun yau.

Sauran abubuwan lura a wannan ƙofar: duk wanda ya san adireshin zai iya wallafawa da sunanka, daga kowane imel. Don haka kada ka haɗa shi da wani adireshin a saƙo ɗaya, domin ɗayan zai gan shi, kuma idan ya danna amsa wa kowa, amsarsa ta zama rubutu a shafinka. Ka ajiye shi a jerin lambobi da sunan da ba zai yi kama da na kowa ba, kada wayar ta cika maka shi a lokacin da kake nufin rubuta wa wani Sani ko Safiya. Idan ka yi zargin ya fita, WordPress yana da maɓallin Regenerate da ke kashe tsohon ya ba ka sabo, a Blogger kuma ka canza kalmar ɓoyen. Idan saƙo ya maƙale a akwatin jiran fita, kada ka sake aika wani. Sabis na dawowa duka biyun za su tafi. Gmail ba ya ɗaukar abin maƙalawa da ya wuce megabait 25, kuma tun kafin a kai can ma saƙo mai nauyi ya fi saurin maƙalewa, saboda haka ka rage hotunan tukuna. Rubutun da aka kwafo daga Word yakan zo da launuka da girman haruffa na daban. Ka cire adon kafin aikawa.

Mai Blogger da ke son rubutu ya fita a wani lokaci alhali ba zai samu shiga shafin ba, yana iya amfani da tsara lokacin aikawa na Gmail. Amma wannan yana nufin mai da saitin zuwa wallafa nan take, don haka sai rubutun da aka riga aka karanta sau biyu.

6. Ba kowa makullinsa

Idan kuna da yawa, kowa ya samu asusunsa. A WordPress ka je Users ka gayyaci mutum da imel ɗinsa, ka ba shi matsayi. Administrator yana iya komai, har goge shafin da korar ka. Editor yana gyarawa da wallafa rubutun kowa. Author yana wallafa nasa kaɗai. Contributor yana rubutawa amma ba ya iya wallafawa, ba ya kuma iya ɗora hoto, sai wani ya duba ya sake. Sabon marubuci daga nan ya kamata ya fara, komai kusancinku. Blogger matsayi biyu gare shi, Admin da Author, ana gayyata a Settings ƙarƙashin Permissions, kuma marubuci a can yana iya wallafa nasa kai tsaye, don haka ku yi yarjejeniya a bar komai a daftari.

Ka kuma buɗe wa kanka asusu na biyu mai ƙaramin matsayi. Da shi za ka riƙa shiga a waya, da shi za ka shiga a shagon intanet ko kwamfutar ofis. Babban asusun ya zauna a na'ura ɗaya a gida. A kwamfutar aro ka buɗe tagar sirri ta burauza, ka ƙi amincewa idan ta ce za ta ajiye kalmar sirri, ka fita daga asusun kafin ka tashi, sannan ka rufe tagar. Idan aka ɗauke wuta kana tsakiyar aiki, kada ka ɗauka an fita; kana samun dama ka yi amfani da wayarka ka fitar da wannan kwamfutar daga asusunka, yadda zan nuna a mataki na ƙarshe.

7. Rubutu ɗaya, na'ura ɗaya a lokaci guda

Taura biyu ba ta taunuwa. Ka fara rubutu a laftof, aka kira ka, ka ci gaba a waya cikin mota, ka dawo da dare ka tarar tsohon shafin yana buɗe a laftof, ka gyara waƙafi ɗaya ka danna ajiyewa: aikin yini ya tafi, tsohon ya hau kan sabo. WordPress yana gargaɗi idan wani mutum daban ne ke gyara rubutun, amma kada ka dogara gare shi ya kare ka daga kanka. Dokar ita ce: ajiye, rufe, sannan ka buɗe a ɗayar na'urar, idan ka tarar da shafi a buɗe tun ɗazu, ka sabunta shi kafin ka taɓa komai. Idan abin ya riga ya faru, WordPress yana ajiye tsofaffin kwafi ƙarƙashin Revisions, ka dawo da wanda kake so. A Blogger ba na ɗora rai a kan irin wannan ceto, shi ya sa dogon rubutu nake fara shi a Google Docs, in kawo shi shafin bayan ya kammala.

8. Fitar da rubutu zuwa sauran kafofi

Sai ƙofofin shiga sun zauna daidai sannan a buɗe na fita.

Mai WordPress ya nemi Jetpack Social, ya haɗa shafinsa na Facebook, da LinkedIn ko Tumblr ko Mastodon idan yana da su. Abu biyu za su ba ka mamaki idan ba a gaya maka ba. Tun 2018 Facebook ya hana manhajojin waje saka rubutu a bangon mutum na kansa, sai a shafin da aka buɗe na kasuwanci ko ƙungiya. Idan ba ka da shi, ka buɗe, kyauta ne. X kuwa, wato tsohon Twitter, an yanke haɗinsa da Jetpack a 2023 bayan kamfanin ya sa tsada a kan hanyar, don haka da hannu za ka riƙa sakawa. Haɗin Facebook yakan tsinke idan ka canza kalmar sirri. Ka riƙa leƙawa.

Telegram ya fi sauƙin kai. Ka nemi BotFather a cikin Telegram, ka aika masa /newbot, ka zaɓi suna, zai ba ka doguwar lambar sirri. Ka saka sabon bot ɗin, wato asusun da zai riƙa aika saƙo da kansa, a tasharka a matsayin mai gudanarwa da ikon wallafawa, ka ɗora fulogin WP Telegram, ka liƙa lambar da sunan tashar. Lambar nan makulli ce, kada ta bayyana a hoton allo da za ka tura wa mai taimaka maka. A nan ne kuɗi na farko ke shigowa: tsarin kyauta na wordpress.com ba ya barin ɗora fulogin.

Mai Blogger, da mai tsarin kyauta, hanyarsu ita ce RSS, wato jerin sababbin rubuce-rubuce da shafin ke fitarwa da kansa. A WordPress adireshin shafi ne da /feed a ƙarshe, a Blogger kuma /feeds/posts/default. Ka ba da wannan adireshin ga IFTTT ko Zapier ko Make, shafukan da ke ɗaukar abu daga wata kafa su kai wata da kansu, ka ce duk sabon abu a kai shi wuri kaza. Suna da tsarin kyauta mai iyaka, kuma ba nan take suke kaiwa ba, akan samu jinkiri. Idan ka wuce iyakar, da dala ake biya duk wata; wannan shi ne kuɗi na biyu, kuma ƙaramin shafi bai cika buƙatarsa ba.

WhatsApp, inda mafi yawan masu karatunmu suke, da hannu ake yi, ko a zaure ko a tashoshin da aka fito da su a 2023. Ka guji manhajojin da ke alkawarin aikawa da kansu ta layinka, suna iya jawo a rufe layin. Ka liƙa mahaɗin, ka jira hoto da kanu su bayyana, ka ƙara layi ɗaya da bakinka, sannan ka aika. Kada ka kwafe rubutun gaba ɗaya. Wanda ya karanta a can ba zai zo gida ba, kuma gyaran da ka yi gobe ba zai same shi ba.

Gargaɗi: turawa ta atomatik sau ɗaya take faruwa, lokacin wallafawar farko. Idan kanu ya fita da kuskure, ko sunan mamaci ba daidai ba, gyaran da ka yi a shafin ba zai bi sawun abin da ya riga ya tafi ba, sai ka bi kowace kafa ka gyara. Ka haɗa wannan da ƙofar imel marar umarnin daftari, ka ga yadda saƙo ɗaya na kuskure zai isa wurare huɗu cikin minti guda. Don haka kafin danna Publish ka duba kanu, mahaɗi, rukuni, da babban hoton rubutun. Idan Facebook ya ci gaba da nuna tsohon hoto bayan ka canza, ka saka mahaɗin a Sharing Debugger nasu ka sa ya sake ɗaukowa.

9. Gwajin ƙarshe, da ranar da waya ta ɓace

Ka kashe turawa zuwa kafofi na ɗan lokaci, ka aika gwaji ta kowace ƙofa: manhaja, imel, burauzar waya, ƙaramin asusu. Kowane gwaji ya ƙunshi hoto ɗaya da jimla mai ƙ, ɗ, ɓ da 'y. Ka duba haruffan sun fito, hoton bai kwanta a gefe ba, lokacin daidai ne, sa-hannu bai biyo ba. Ka tsara ɗaya ya fita bayan minti goma. A WordPress mai zaman kansa, idan ka ga an rubuta Missed schedule, dalilin shi ne agogonsa na motsawa ne idan wani ya ziyarci shafin. Ka roƙi kamfanin masauki ya saita maka cron na sabar, wato agogon da ke aiki ko ba mai ziyara. Goge gwaje-gwajen, mai da turawar.

Sau ɗaya a wata ka sauke kwafin shafin: Tools sannan Export a WordPress, Back up content a saitunan Blogger. Fayil ɗin WordPress rubutu ne da adireshin hotuna, hotunan kansu ba sa ciki, ka ajiye su daban.

Idan waya ta ɓace ko an sace, ka ari wata na'urar, ka ɗauko takardar nan ta mataki na biyu, ka bi wannan jeri. Shiga imel ɗinka da lambar ko-ta-kwana, ka canza kalmar sirrinsa tukuna, domin ta imel ake ƙwace sauran. A asusun Google, ƙarƙashin Security, ka buɗe jerin na'urori ka fitar da wayar. Canza kalmar sirrin shafin. A WordPress mai zaman kansa ka danna Log Out Everywhere Else a shafin bayananka, ka soke kalmar sirrin da ka sa wa suna "wayata". Sabunta adireshin imel na sirri, tun da yana cikin jerin lambobin wayar. Ka je ofishin kamfanin layi a rufe tsohon sim a ba ka sabo. Daga nan ka saita tabbaci mai mataki biyu a sabuwar wayar, ka karɓi sababbin lambobi goma, ka kwafe su a sabuwar takarda, ka yaga tsohuwar.